Yadda Ake Kula da Karnuka a Gidan Ajiya Lokacin Bazara

A garuruwa irin su Abuja, Kaduna, Jos da Kano ana samun gidajen da ke karɓar karnuka ajiya idan masu su za su yi tafiya. Wasu a jikin asibitin dabbobi suke, wasu kuwa masu kiwon karnukan gadi ne suka ware 'yan ɗakuna a bayan gida suka mai da abin sana'a. A yawancin watannin shekara aikin bai wuce ciyarwa da shara da hana faɗa tsakanin karnuka ba, amma daga watan Maris zuwa saukar damina al'amarin yakan canja, domin a wannan tsakani ne zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yola yake haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma ko a Abuja da ake ganin tana da sauƙi yakan kusanci hakan. A farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a wani zafi da ya game yankin Sahel. Duk wanda ya karɓi amanar karen wani a irin wannan lokaci, ya kamata ya san cewa zafi kaɗai yana iya kashe lafiyayyen kare tsakanin azahar da la'asar.

Karen ƙauye idan rana ta take, da kansa yake neman gindin rumbu ko ƙarƙashin amalanke, ya tone ƙasa har ya tarar da mai sanyi, ya shimfiɗa cikinsa a kai, ba zai motsa ba sai rana ta yi sanyi. Karen da aka kulle a ɗaki ko aka ɗaure da sarƙa ba shi da wannan zaɓi. Inda aka ajiye shi nan zai zauna, ko da inuwar da aka bar shi a cikinta da hantsi ta gusa ta bar shi a rana. Bayan haka kuma baƙo ne a wurin, bai san muryar kowa ba, yana jin warin wasu karnuka ta kowace kusurwa, don haka a kwanaki biyu ko uku na farko yakan yini yana haushi, yana kai da komowa, yana tsalle a jikin ƙofa, wanda duk motsi ne da ke ƙara masa zafin jiki. Aikin mai gidan ajiya a bazara shi ne ya yi wa karen abin da karen zai yi wa kansa da an bar shi, ya kuma sa masa ido sosai a kwanakin da bai saba ba.

Dalilin da ya sa kare ya fi mutum saurin galabaita shi ne ba ya yin gumi a jikinsa sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, wanda bai taka kara ya karya ba. Da haki yake sanyaya kansa, wato yana shigar da iska yana fitarwa da sauri ta kan jiƙaƙƙen harshe da maƙogwaro, danshin yana bushewa yana tafiya da zafin. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2. Idan ya haura 41, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa da hanji sukan fara lalacewa, jini kuma ya rikice ya daina daskarewa yadda ya kamata. Tun da hakin ya dogara ne ga bushewar danshi, ya fi aiki a busasshen zafin Maris da farkon Afrilu. Ranakun da suka fi haɗari su ne na gab da damina, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse, iska ta tsaya cik, laima ta cika gari, ko da ma'auni bai nuna zafin ya kai na makonnin baya ba.

Tun daga ranar karɓa

Kada a karɓi kare a bakin ƙofa cikin gaggawa, ko da mai shi yana sauri zuwa filin jirgi. A zaunar da shi a tambaye shi shekarun karen, da abincin da ya saba ci, da maganin da yake sha idan akwai, da ko ya taɓa suma ko galabaita saboda zafi, domin wanda ya taɓa yi ya fi saurin maimaitawa. Tambayar da aka fi mantawa da ita, alhali tana cikin mafi muhimmanci, ita ce inda karen yake kwana a gidansu. Karen da ya saba yini a falo mai na'urar sanyaya ɗaki ba zai jure abin da karen gadi mai kwana a tsakar gida yake jurewa ba, ko da jinsinsu ɗaya. A auna nauyinsa da zafin jikinsa a rubuta, a karɓi sunan likitan da ke duba shi, a kuma sa mai shi ya rubuta amincewarsa cewa idan larura ta taso za a kai karen asibiti ba tare da jiran an same shi a waya ba.

A duba katin riga-kafi da ido, kada a tsaya ga maganar baki. Dole ne ya nuna allurar haukan kare, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take cikin masu sarrafa ta a Nijeriya, da kuma haɗaɗɗiyar allurar da ke kare shi daga fabo, cutar amai da zawon jini mai kashe 'yan kwikwiyo, da distemfa, cutar da ke kama hanyar numfashi da ƙwaƙwalwar kare. Allurar da aka yi jiya ba ta riga ta kama jiki ba, ana so ta kai kamar mako biyu kafin a kawo shi cikin wasu karnuka.

Daga wannan bayani ne za a ware waɗanda za a fi sa wa ido. A sahun gaba akwai masu gajeren hanci irin su Buldog da Boksa da ƙananan karnukan ɗaki irin su Lasa, domin hanyar numfashinsu a matse take, hakinsu ba ya wadatar da su. Sai masu kaurin gashi da aka samo asalinsu daga ƙasashen sanyi, kamar Kokeshiyan da Haski da Alseshan, sai manya masu nauyin jiki irin su Rotwaila da Bowabul. Mai ƙiba, da tsoho, da ɗan kwikwiyo, da karya mai ciki, da mai ciwon zuciya duk suna cikin wannan rukuni. Irin waɗannan su za a ba ɗakunan da suka fi sanyi, kusa da inda ma'aikata ke zama. Idan gidan ba shi da ɗakin da ya dace da Buldog a watan Afrilu, gara a faɗa wa mai shi gaskiya a mayar masa da karensa, domin kuɗin ajiyar mako ɗaya ba zai biya asarar ba.

Ɗaki, ruwa da tsarin yini

Yawancin ɗakunan karnuka a ƙasar nan da kwano aka rufe su, ƙasa-ƙasa, babu silin, kuma irin wannan ɗaki da rana tsaka tanderu ne. Mafi sauƙin gyara shi ne a shimfiɗa zana ko bunu a saman kwanon, a bar ɗan fili tsakaninsu don iska ta ratsa, ko a shafe kwanon da farin fenti. Ana so kowane ɗaki ya kasance yana da kafa biyu masu fuskantar juna, ɗaya a ƙasa ɗaya kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take tashi. Bangon da ke kallon yamma shi ne ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin har cikin dare, don haka a kare shi da rumfa ko a bar ɗakunan da ke jikinsa babu kowa. Inuwar darbejiya ko mangwaro ta fi ta kowace rumfar kwano sanyi. Kafin a yarda da wuri, mutum ya shiga ɗakin da kansa da misalin ƙarfe biyu na rana, ya tsuguna daidai tsayin kare na 'yan mintoci, kuma a rataya ma'aunin zafi a daidai wannan tsayi, ba can saman bango ba.

Fanka tana da amfani, amma a sani cewa ba ta yi wa kare abin da take yi wa mutum, tun da shi ba ya gumi. Amfaninta yakan fito ne idan an haɗa ta da ruwa, wato an jiƙa cikin karen da ƙafafunsa, ko an yayyafa wa daɓen sumunti ruwa, ko an rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga. Wannan dabara ta buhu tana aiki ƙwarai a busasshen zafi, amma idan laima ta yi yawa sai ta koma ƙara nauyin iska, a nan gara a cire buhun a buɗe ko'ina. Wanda ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki kuwa ya tuna cewa ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda na'ura, da zarar an ɗauke wuta ya fi kowane ɗaki haɗari. Dole a sami wanda aikinsa ne ya buɗe ƙofofi nan take, da fankoki masu caji ko masu aiki da hasken rana. Janareta kuma a nisanta shi da ɗakunan, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warin gubar ba.

A ƙa'ida kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 30 zai sha abin da ya haura lita ɗaya da rabi, kuma a bazara yana iya ninka wannan. A ajiye mazubi biyu a kowane ɗaki, domin kare mai damuwa yakan ture ɗaya ya zubar. Mazubi mai nauyi ko wanda aka ɗaure a jikin bango ya fi, kuma kwanon ƙarfe da rana ke duka yakan mai da ruwan kamar na wanka. Ruwan tankin roba da ke saman gini shi ma da rana yakan yi zafin da kare zai ƙi sha, don haka a tara na sha tun da asuba a randa, a riƙa ɗiba daga nan. Ba laifi a jefa 'yar ƙanƙara a ciki. A canja ruwan aƙalla sau uku a yini, kuma mai canjawa ya lura da yawan abin da aka sha, domin karen da bai taɓa ruwansa ba tun safe yana bukatar a duba shi. Hanyar dubawa ita ce a ɗaga leɓensa a taɓa dasashi. Na lafiyayye yana da danshi da santsi, launinsa ja-ja mai haske, na mai ƙishirwa kuwa yana da danƙo. Wasu ma'aikata suna ƙyamar taɓa bakin kare saboda yawunsa, kuma maganin wannan shi ne a wadata su da safar hannu ta roba, ba a bar dubawar ba. Hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare mai ƙishirwa ruwa a huffinsa, Allah Ya gafarta masa, sananne ne a Bukhari da Muslim, kuma yakan isa a tunatar da mai jan ƙafa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa mota ce babbar mai kashe karnuka da zafi. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda masana na kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan suke cikin waɗanda suka gudanar da shi a kan bayanan asibitocin dabbobi na Birtaniya, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kwantar, motsa jiki ne ya jawo musu, na cikin mota kuwa kimanin kashi biyar cikin ɗari ne. Idan haka abin yake a ƙasar da ba kasafai zafi ke kai digiri 30 ba, to a Kano ba sai an faɗa ba. Saboda haka a mai da fitar da karnuka zuwa bayan sallar asuba da kuma bayan magariba, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya kuwa kowa ya kwanta. Ko da yamma a gwada ƙasa kafin a fita: a ɗora bayan hannu a kan kwalta ko sumunti ko yashi, a ƙirga bakwai, idan hannu bai jure ba to tafin ƙafar kare zai ƙone. A bar wasan jefa ƙwallo a wannan lokaci, domin akwai karnukan da ba su san su tsaya ba, za su yi ta gudu har su faɗi. Idan kare mai cizo ne dole sai da takunkumi, a sa masa mai kama da kwando wanda zai bar shi ya buɗe baki, kada a kuskura a ɗaure masa baki da igiya ko a sa masa na yadi mai matsewa, domin wanda aka hana haki an toshe masa hanyar sanyaya jiki ke nan.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. A ba da shi da sanyin safiya da kuma dare, a ɗauke abin da ya rage bayan rabin sa'a, musamman dafaffe mai nama ko kifi, wanda ke saurin lalacewa. Raguwar ci kaɗan a zafi ba abin tsoro ba ne, amma ƙin ci gaba ɗaya fiye da yini guda abin a kira likita ne. Kada a sa manyan karnuka gudu daf da cin abinci ko bayansa, saboda murɗewar tumbi. Masu kaurin gashi a riƙa taje su kullum don a fitar da mataccen gashin da ke ƙasa, amma kada a yi musu ƙwal-kwabo, domin gashin sama yana kare fata daga ƙunar rana.

Kaska ita ce sauran matsalar da zafi ke haɓakawa. Irin wadda ke addabar karnuka tana iya rayuwarta duka a cikin gini, tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin katako, kuma tana ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi da ɗashewar dasashi, waɗanda ke rage wa kare juriyar zafi. A duba kowane sabon zuwa a cikin kunne, da tsakanin yatsu, da wuya, da gindin wutsiya, a liƙe tsagogin bango da sumunti, maganin kuma a bar wa likita ya zaɓa. Bai halatta a ɗauko maganin feshin gona ko na shanu a yi wa kare wanka da shi bisa ƙiyasi ba. Ƙudaje masu cizo sukan cinye bakin kunnen Alseshan har ya yi jini, kuma akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji, don haka kwashe kashi da wanke daɓe sau biyu a yini wajibi ne. Bayan an wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye sosai kafin a mai da kare. A kuma share ciyawa da tarkacen bulo a kewaye, domin wurin da ke da danshi da inuwa a bazara yana jawo maciji da kunama.

Idan zafi ya riga ya kama kare

Daga azahar zuwa la'asar a riƙa zagaya ɗakunan aƙalla kowace sa'a, masu rauni kuwa kowace rabin sa'a, kuma zagayen ba leƙe daga nesa ba ne. Alamar farko ita ce haki mai ƙarfi da ba ya lafawa ko da karen yana kwance a inuwa, harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu mai kauri yana dalala, dasashi ya yi ja wur. Daga nan sai rashin natsuwa, sai tangaɗi, sai amai ko zawo wanda wani lokaci yakan zo da jini. Idan dasashi ya koma fari ko shuɗi-shuɗi, ko karen ya faɗi yana fizge-fizge, to abin ya yi nisa. Karen da ya yini yana haushi sannan ya yi tsit farat ɗaya, a je a gani, kada a ce ya gaji ne ya yi barci.

Ƙa'idar da likitoci suke bi yanzu ita ce a fara sanyaya kare a inda yake, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti, domin mintocin da za a ɓata a hanya da jiki mai digiri 42 su ne ke lalata ƙoda. A janye shi zuwa inuwa, a cire masa abin wuya da takunkumi, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya da ciki da hammata da cinyoyi har ya ratsa gashi ya kai fata, a kuma sa fanka ta buga shi ko a yi masa fifita da kwali. Idan da tiyo za a yi, a fara zubar da ruwan farko da rana ta dafa a cikinsa. Matashin kare da ke cikin hayyacinsa ana iya tsoma jikinsa a baho, kansa a waje, amma tsoho ko wanda ya suma kwarara ruwa da fifita ya fi masa. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin tawul ɗin yakan ɗumama ya tsare zafin. Idan yana iya sha da kansa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, idan ba ya iyawa kada a ɗura masa, zai shaƙe. Kada kuma a ba shi farasitamol ko ibufurofen da sunan saukar da zazzaɓi. Wannan ba zazzaɓi ba ne, kuma magungunan suna iya yi masa illa mai tsanani.

Yayin da mutum ɗaya ke zuba ruwa, wani ya kira likita, wani kuma ya riƙa auna zafin ta dubura duk bayan 'yan mintoci da ma'aunin da aka shafa wa man basilin. Idan ya sauko zuwa kimanin 39.5 a dakatar da ruwan, domin jikin zai ci gaba da hucewa da kansa, kuma wuce gona da iri yana iya jefa shi cikin sanyin da shi ma haɗari ne. Motar da za a ɗauke shi a fara buɗe ta ta sha iska, tun da cikin motar da ke rufe a rana yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti goma, kuma kada a sa shi a but. Duk wannan ba ya yiwuwa sai an tanadi kayan tun kafin ranar: cikakken duro na ruwa a inuwa, bokiti, ma'auni mai batir mai rai, lambar likitoci biyu a manne a bango, da sanin asibitin da ke buɗe ranar Lahadi da ranakun Sallah. Kowane ma'aikaci, har mai gadin dare, ya kamata a gwada masa matakan a aikace.

Ko da karen ya miƙe yana kaɗa wutsiya bayan an sanyaya shi, sai likita ya gan shi, domin illar da zafi ya yi wa ƙoda da jini takan ɓoye ta bayyana bayan yini ɗaya ko biyu. A wannan tsakani a lura da yawan fitsarinsa da launinsa, da ko akwai ɗigon jini a dasashi ko a fatar ciki, a kuma hana shi duk wani motsa jiki. A sanar da mai shi a ranar da abin ya faru, a rubuta masa lokacin da aka gan shi, da abin da ma'auni ya nuna, da abin da likita ya ba shi, domin likitan da zai ci gaba da duba shi a gida yana bukatar wannan bayani, kuma karen zai bukaci a sassauta masa fita rana har ƙarshen bazarar.